Saba mai nod huɗu tana mutuwa da azahar: zafi ne ko wuta?

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Cibiyar kwamfuta ce a wani ƙauye kusa da Gumel, ɗaki mai rufin kwano. Sabar, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, akwati ɗaya ce mai cin nod huɗu (kowane nod kwamfuta ce mai zaman kanta da ake zurawa cikin akwatin), fawa-saflai (na'urar da ke ba ta wuta) biyu masu wat 1600, amma nod uku ne a ciki, gurbi ɗaya a buɗe. Tun shigowar Afrilu, da azahar ta yi sai fankoki su hau ƙara kamar injin niƙa, can sai nod ɗaya ko biyu su mutu. Esin ɗakin doki ɗaya da rabi ne. A ƙara wani?

Injiniyan Kazaure:
Wa alaikumus salam Malam. Kar ka sayi esi tukuna, fara toshe gurbin nan. Irin wannan akwati fankoki ɗaya nod ɗin suke tarayya a kai, ita kuwa iska hanya mai sauƙi take bi: sai ta zurare ta ramin da ke buɗe, ta bar farfesoshin, wato ƙwaƙwalwar nod ɗin, suna dahuwa. Akwai murfin gurbi da ake sayarwa don haka.

Esinka ya isa. Nod uku da fankoki, a ce wat 1200, ka ninka da 3.4, BTU (ma'aunin yawan zafi) 4,100 ke nan a awa, shi kuwa doki ɗaya da rabi yana kwashe wajen 12,000. Kwanon ne ke cinye sauran, a yi silin. Sannan ka auna zafi a gaban sabar, inda take shaƙar iska, ba a jikin bango ba. Digiri 18 zuwa 27 ake so. Ka matsar da bayanta daga bango, in ba haka ba hucin da ta fitar shi za ta sake shaƙa. Ƙurar hunturun da ya wuce ma tana nan daskare a haƙarƙarin hitsink, ƙarfen da ke janye zafi daga farfesoshin, a kashe sabar a hure ta.

Mai Sola na Ringim:
Yallaɓai Injiniya ya yi daidai, amma ni wutar nake zargi. Fawa-saflai mai wat 1600 sai da bolt 200 zuwa 240 yake ba da cikakken ƙarfinsa, wutar ƙauye kuwa kowa ya san yadda take faɗuwa. Ga wani abu: fanka in ta ninka gudu, cin wutarta kusan ninki takwas yake yi. To ka ga, daidai lokacin da zafi ya tashi shi ne sabar ke neman ƙarin wuta. Shiga IPMI, wato shafin da ake lura da lafiyar sabar, ka karanta log, bayanan da take ajiyewa na abin da ya faru, zai nuna maka ko zafi ne ya kashe ta ko wuta. A can kuma za ka iya ƙayyade wat ɗin kowane nod. Ka ɗora ta a kan UPS onlayin mai kVA 3, wato na'ura mai batir da ke ba ta tsayayyar wuta ko da yaushe, kuma kar esi ya hau layi ɗaya da ita, fisgar kwamfuresa kaɗai tana iya kashe nod.

Injiniyan Kazaure:
Haka ne. Batiran UPS ɗin kuma a ajiye su inda sanyin yake: na dalmar nan, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin kwanansu.

Ɗan Gumel:
Allah ya saka da alheri. Log ya nuna digiri 38 a gaban saba da ƙarfe biyu. Zan fara da murfin da silin.