Na buɗe gidan burodi a Katsina, ya ake yi da inshorar ma'aikata?

Mai gidan burodi, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na kunna tanda, ma'aikata shida nake da su. Shekaranjiya injin murza kwaɓi ya kusa cafke hannun ɗayansu, Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda ya taɓa yi wa yaransa inshorar rauni a bakin aiki ya faɗa mini inda ya bi.

Mai walda, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni sai da abin ya same ni na farga. Injin yankan ƙarfe ya datse wa yarona yatsu biyu. Kuɗin asibiti, magani, da abin da na riƙa kai wa mahaifiyarsa na wata huɗu yana kwance, duk daga aljihuna suka fita, har babur ɗina na sayar. A zatona ɗan koyo ba ma'aikaci ba ne tunda ba takarda tsakaninmu. Ashe dokar diyyar ma'aikata ta haɗa da mai koyon sana'a, da ɗan aikin wucin gadi, ko da baki kawai kuka yi yarjejeniya.

Akawu a wani kamfanin ruwan leda: Alhaji, ba wurin kamfanin inshora za ka fara ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora aikin a kan NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da asusun diyyar ma'aikata. Za ka yi rajista da takardunka na CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da jerin sunayen ma'aikata da albashinsu, sannan ka riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin kowane wata. Idan su shidan kowa na ɗaukar ₦70,000, ₦420,000 ke nan, naka ₦4,200. Kai za ka biya, doka ta hana a cire a albashin yaro. Har hatsari a hanyar zuwa aiki ko komawa gida yana ciki.

Inda muka sha wuya shi ne lissafi. Maigidanmu a hannu yake sallamar mutane, ba littafi, ba komai. Sai da muka yi sati muna haɗa wane nawa yake karɓa.

Mai shagon ɗinki, Daura: Ni kuwa tambayar halasci ce ta tsayar da ni shekara guda. Da na kai wa malaminmu, ya ce in bambance abin da hukuma ta wajabta da wanda zan je in saya da kaina. Na biyun in nemi takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Haka na yi wa injinan ɗinkina.

Mai injin niƙa, Ƙofar Guga: Ku kula da lokaci. Idan an ji rauni, ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da maigida, maigida kuma kwana 7 ya kai rahoto NSITF. Ni na yi rajista, ina biya, amma da bel ya fizgi hannun yarona sai muka kai shi wurin mai ɗori, ban rubuta komai ba, ba rasit ko ɗaya. Da na tashi neman haƙƙinsa, takardar likita aka fara tambayata.

Mai gidan burodi: Allah ya saka da alheri. Malam akawu, masu tallar burodi a babur da nake ba kamasho fa, su ma a jerin zan sa su?

Akawu: Wannan kam ka tafi da sunayensu ofis ka tambaya, kafin ka cike fom.