Firosesa biyu a cikin inji amma Debian ɗaya tal yake gani, a taimaka

Editan_ZooRoad ya rubuta:

Slm 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masana Linux ku zo ku cece ni kafin in haɗa kan injin nan da bango.

Ina da ɗan shagon haɗa bidiyon biki da suna a wajen Zoo Road, laftof ɗina ta gaji, in na sa ta renda sai ta kwana tana huci kamar ɗan dako ya hau bene. To sati biyu da suka wuce na samu wata tsohuwar kwamfutar tebur ta Beljiyam, irin manyan nan masu nauyin buhun siminti, firosesa biyu ne a ciki Xeon X5650, kowanne kor 6 zare 12 (kor su ne ƙananan kwakwalen da ke cikin firosesa, kowane kor kuma yana jan layin aiki biyu da ake kira zare), kenan ya kamata in ga kor 12 zare 24, ram kuma 24GB. Na buɗe da idona na ga hitsink biyu, ba labari aka ba ni ba.

Na ɗora Debian 12, wani nau'in Linux, saboda Kdenlive, manhajar haɗa bidiyo, nake so in koma. Da farko filashin ya ƙi wucewa, da na danna insitol sai allo ya yi baƙi ƙirin, na nemo wani bidiyo a YouTube mutumin ya ce a danna Tab a ƙara wasu kalmomi a ƙarshen layi, na kwafa yadda ya rubuta, ya wuce lafiya lau. Amma yanzu in na buga nproc a taminal, wato umarnin da ke ƙirga zaren da tsarin yake gani, 1 yake ba ni. Ɗaya fa! htop ma, mai nuna aikin kowane zare da sanda, sanda guda ce take ta cika tana ja. Bidiyon kamu na minti 40 jiya tun bayan magariba har na rufe shago bai kai rabi ba, ga uwar amarya tana ta kira.

Wani abu kuma, in na ce ya mutu ba ya mutuwa, sai rubutu ya tsaya fanka tana ta juyawa sai na danne maɓalli da hannu. Shin firosesan ne ya ƙone ko kuwa Linux ɗin ne bai iya biyu ba?

Bash_Fagge ya rubuta:

Hhhh oga kai ma da neman wahala, ka mayar da Windows dinka kawai ka huta, mu nan ko sau daya bamu taba buga wani nproc ba kuma aiki yana tafiya. Ko kuma ka kai Farm Centre a duba maka, watakila dayan firosesan ado ne kawai aka dora.

Ummi_Kabuga ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Bash wane Windows ɗin? Na 10 dai Microsoft ta daina ba shi sabuntawa tun 14 ga Oktoba 2025, na 11 kuma ba ya karɓar X5650 a hukumance, firosesan 2010 ne. Sannan in Home ka sa masa soket ɗaya kawai yake amfani da shi, sai Pro ne yake ɗaukar biyu, to ka ga a can ma akwai inda za a yi tuntuɓe.

Malam Edita firosesanka bai ƙone ba in sha Allah, ka lura ko ɗaya daga cikin biyun ne ya mutu ai 6 ko 12 za ka gani ba 1 ba. Kuma Linux ya iya firosesa da yawa tun kenel 2.0 a 1996 (kenel shi ne zuciyar tsarin), kafin a haife ni. Wancan rashin mutuwar da ka ambata a ƙarshe shi ya fi ba ni haske. Ka buga waɗannan biyun ka liƙo mana abin da ya fito:

cat /proc/cmdline

sudo dmesg | grep -i smp

Ina zargin kalmomin mutumin YouTube ne suka biyo ka har gida.

Editan_ZooRoad ya rubuta:

Ngd Hajiya. Na farkon ya fito da dogon layi, ƙarshensa quiet acpi=off noapic nolapic. Na biyun akwai inda ya ce smpboot: SMP disabled. Amma wlh ni sau ɗaya na rubuta su lokacin insitol, ban sake taɓa komai ba, ya aka yi suka zauna?

Injiniya_Gwammaja ya rubuta:

To ai ga ɓarawon nan an kama shi da kaya a hannu. Ummi ta gama aikin, ni bayani kawai zan ƙara saboda na san gobe wani zai zo da irin wannan.

Yadda suka zauna: a layin nan na insitola na Debian akwai 'yan sanduna uku --- kusa da ƙarshe, duk abin da ka rubuta bayansu ana kwafe shi a zuba cikin GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux in an kunna inji, na sabon tsarin da aka ɗora. Da gangan aka yi haka, a tunaninsu in injinka bai tashi ba sai da kalmar to gobe ma zai buƙace ta. Kai kuma a ƙarshen layi ka rubuta, shi kenan ta zama 'yar gida.

Yanzu me kalmomin suke yi. In aka kunna kwamfuta, ko kor 100 gare ta, guda ɗaya ne yake farkawa, shi ake kira BSP, sauran duk barci suke. Ka ɗauka tirela ce ta iso Singer da asuba, shugaban 'yan dako shi kaɗai ya tashi. Abu biyu yake buƙata kafin a fara sauke kaya, takardar sunayen yaransa da kuma wayar da zai kira su. Takardar sunayen ita ce wani jadawali mai suna MADT da BIOS, manhajar da ke cikin madabod, yake ajiyewa a cikin ACPI, wato tsarin da yake bayyana wa kenel kayan inji da sarrafa wuta, a nan aka jera kowane kor da lambarsa. Da ka ce acpi=off ka yaga takardar. Akwai tsohuwar takarda ta zamanin 1990 da wani abu wadda ake kira MP table, kenel yakan koma kanta in babu ACPI, amma ba kowane BIOS ne yake da ita cikakkiya ba kuma ko tana nan yawanci ba ta lissafa zaren HT, wato Hyper-Threading, dabarar da ke sa kor ɗaya ya ja zare biyu. Wayar kuma ita ce local APIC, kowane kor yana da tasa, ta nan BSP yake aika saƙon INIT sannan SIPI ya ce ku tashi ga inda za ku fara. nolapic ya ƙwace wayar. To mutum ba takarda ba waya, me zai yi in ba ya naɗe gammo ya fara ɗauka shi kaɗai ba? Abin da kake gani a htop kenan. Ita noapic daban ce, IO-APIC take kashewa, wato mai rarraba kiran na'urori irin su disk da katin netwok tsakanin kor-kor ɗin, ita kaɗai ba ta cika hana su tashi ba amma da wuya ta yi maka amfani. Kashe wuta kuma aikin ACPI ne, shi ya sa injin yake tsayawa yana kallonka.

Abin da yake ba ni haushi da masu bidiyon nan shi ne suna haɗa ukun su ba mutum kamar maganin gargajiya na a sha a yi wanka a yi hayaƙi, ba sa tambayar me yake damun injin. Ciwon kai ne da kai aka ba ka allurar barci.

Kar ka gyara fayil tukuna, gwaji za ka fara. Ka sake kunnawa, in GRUB ya fito ka danna e, ka nemo layin da ya fara da linux, ka goge ukun nan har da quiet ɗin saboda mu ga rubutun da yake wucewa, sai Ctrl da x. Wannan na tashi ɗaya ne, in ya ƙi ka kashe ka kunna ya koma yadda yake, ba abin da za ka ɓata.

Editan_ZooRoad ya rubuta:

Injiniya na yi, rubutu ya yi ta gudu sai allo ya ƙifta ya koma baƙi, daidai irin na ranar farko. Na jira minti 10 shiru. Anya ba gara in haƙura da ɗayan ba?

Injiniya_Gwammaja ya rubuta:

Haba ɗan uwa, ka sayi motar ɗaukar mutum 24 ka ce za ka riƙa yin acaɓa da ita? Wannan ƙiftawar da ka faɗa ita ce amsar. Injin da ya sanƙare da gaske rubutun yana tsayawa ne a kan layin ƙarshe kana ganinsa. Wanda allo ya ƙifta ya yi baƙi yawanci yana raye, hoton ne ya ɓata daidai lokacin da direban katin hoto ya karɓi allo daga hannun BIOS. In ya sake yi ka danna Caps Lock, in 'yar fitilar tana kunnuwa tana mutuwa to kenel yana nan da ransa.

Ka maimaita gwajin amma a gurbin ukun ka sa nomodeset ita kaɗai, ita ce take hana direban katin hoto karɓar allon. In bai yi ba ka gwada pci=noacpi ita ma ita kaɗai, sannan noapic ita kaɗai. Ɗaya bayan ɗaya fa, in ka haɗa biyu ya tashi ba za mu san wacce ta yi aikin ba. In katin yana da rami biyu na waya ka gwada ɗayan ma, na taɓa ɓata yini guda a kan inji ashe hoton yana fita ta ramin da ban jona ba.

Editan_ZooRoad ya rubuta:

Allahu Akbar, nomodeset ta yi! Fitilar Caps Lock ma tana amsawa a wancan gwajin kamar yadda ka ce. Hoton ya ɗan yi girma-girma amma ya shiga, kuma na ce ya mutu ya mutu da kansa. Sai dai nproc yanzu 12 ne ba 24 ba. Ko dai maganar Bash ce, ɗayan ado ne?

Ummi_Kabuga ta rubuta:

12 tana iya zama abu biyu, firosesa ɗaya mai zare 12, ko firosesa biyu da HT a kashe. lscpu zai raba gardama, ka duba layin Socket(s) da layin Thread(s) per core. In soket 2 ne zare 1 to BIOS za ka shiga ka kunna Hyper-Threading, wasu suna rubuta shi Logical Processor. In kuma soket 1 ne zare 2 to sai an buɗe inji, a duba wayar wutar firosesa na biyu da zamansa a soket, ko ƙurar hunturu ta shiga tsakani.

Tsohon_BSD ya rubuta:

Ku yi haƙuri in sa baki ko da ba gonata ba ce. Mu a OpenBSD da gangan muke ganin rabi, tun 6.4 a 2018 aka kashe SMT, wato HT ɗin nan, daga gida saboda ramukan tsaro irin dangin Spectre, sai ka sa sysctl hw.smt=1 da kanka in kana so. Kuma kenel biyu ne, bsd.sp da bsd.mp, in ka ɗora tsarin a kan inji mai kor ɗaya sannan ka cire disk ɗin ka kai babban inji zai ci gaba da ganin ɗaya har sai ka sauya. Na sha ganin yara sun rikice a kan wannan. Amma mai renda bidiyo a shagonsa shi kaɗai ya kunna HT ɗinsa, ba wanda yake raba injin da shi. Kawai kar ya sa ran 24 za ta ninka 12, zare biyun kor ɗaya suke rabawa.

Editan_ZooRoad ya rubuta:

Baba BSD godiya nake. Soket 2 ne zare 1, na shiga BIOS na kunna, 24 cif suka fito a htop har sai da na ɗauki hoto na tura wa yaron shagona. Na buɗe /etc/default/grub na goge ukun na sa nomodeset na yi sudo update-grub kamar yadda na gani.

To amma da yamma NEPA suka ɗauke, kafin in tayar da janareta inji ya mutu, da ya dawo 12 kuma, na shiga BIOS HT ta koma a kashe, agogo ma ya koma wata shekara can baya, apt, mai sauko da manhajoji, yana ta ƙorafin wai fayil bai kai lokacin aiki ba. Wannan kuma wane aljanin ne?

Injiniya_Gwammaja ya rubuta:

Ba aljani, batirin madabod ne ya mutu, ɗan farin nan mai kamar kwabo, CR2032, 3V. Shi yake riƙe saitin BIOS da agogo in babu wuta. A inda injin ya fito wuta ba ta cika yankewa ba shi ya sa mataccen batir yake iya ɓuya shekara da shekaru, a Kano kuwa yini ɗaya ya isa asirinsa ya tonu. Masu gyaran agogo ma suna da shi. Ka zare wayar wuta kafin ka canza, sannan ka sake saita lokaci da HT.

Tunda za ka buɗe, ka duba inda aka jera ram ɗin. Waɗannan Xeon ɗin kowanne da ramukan ram nasa, hanya uku-uku, in 'yan kasuwa sun cusa duka a gefe ɗaya to na biyun sai ya riƙa aro ta hanyar QPI, layin da ya haɗa firosesan biyu, kuma yana rage gudu. Ka sa numactl ka buga numactl --hardware, in node 1, wato ɓangaren firosesa na biyu, ta nuna 0 MB ka raba su daidai, in 4GB shida ne uku nan uku can. Ka sa lm-sensors kuma ka riƙa kallon zafi lokacin renda, kowane ɗaya 95W ne, da kor ɗaya yake aiki ba ka ji komai ba, yanzu da duka suka tashi ga zafin Afrilu yana tafe, in man kan firosesan ya bushe ka goge ka shafa sabo. nomodeset ɗin ma na wucin gadi ne, in ka samu wani katin hoto ka gwada ka cire ta.

Editan_ZooRoad ya rubuta:

Na canza batir, na zare waya da gangan na mayar, 24 suna nan. Ram ɗin kuwa duk shida a gefe ɗaya suke wlh, na raba. Bidiyon kamun ya fita kafin in dawo daga la'asar, uwar amarya ta aiko an karɓa. Sai dai ƙaramin janaretana yanzu da na danna renda sai muryarsa ta canza kamar zai shiɗe, akwai wanda ya san ko inbata 1.5kVA za ta riƙe injin nan da allo da fanka ɗaya?

Bash_Fagge ya rubuta:

Toh fa, an tashi yan dako 24 yanzu kuma sai kudin abincinsu hhhh. Ka fara duba takardar da ke jikin fawa sufulai din watt nawa aka rubuta ka fada mana.