Mawaƙin da ke jin Turanci da Finlanci: da wanne zai yi waƙa a Finlan, kuma me ke kai shi talabijin?

Hadiza_K: Salamu alaikum. Mawaƙin pop da ya tashi da Turanci da Finlanci duka, wanne ya fi masa riba a Finlan? Kuma me ya sa da yawansu suke komawa gabatar da shirye-shirye?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ki fara da girman kasuwa: mutanen Finlan ba su kai miliyan 6 ba. Waƙar Finlanci tana da masu saurare na gida da babu mai ƙwace mata. Ta Turanci kuwa da manyan mawaƙan Amurka da Ingila take kokawa a rediyo ɗaya, kuma nan ne sababbi suke faɗuwa. Turanci ƙofar waje yake buɗewa. Saara Aalto ta zo ta biyu a gasar waƙa ta talabijin X Factor na Birtaniya a 2016, ta wakilci Finlan a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a Lisbon a 2018, a shekarar kuma ta zauna kujerar alƙalanci a X Factor na Finlan.

Binta_Waƙa: Haka ne Malam, amma ba dole sai da Turanci ake fita ba. Käärijä da Finlanci ya yi waƙa a Eurovision a Liverpool a 2023, ya zo na biyu, kuma shi ya fi kowa ƙuri'ar masu kallo. Hanyar zuwa Eurovision ita ce UMK, gasar zaɓen wakilin Finlan da tashar ƙasar, Yle, take shiryawa tun 2012. Waƙar Eurovision ba ta wuce minti 3, mutum 6 ne iyaka a dandali, kuma in an fitar da ita kafin 1 ga Satumbar shekarar da ta gabaci gasar, ta fita daga lissafi.

Malam Sabo: Batun talabijin kuma, bukukuwan waƙa na fili daga Yuni zuwa Agusta suke, sauran shekara sai da wani abin yi. Krista Siegfrids ta wakilci ƙasar a Eurovision a Malmö a 2013, daga 2016 ta fara gabatar da UMK ɗin kanta. Sai dai aikin daban ne. Kana karanta rubutu a gaban kyamara, darakta yana yi maka magana a kunne, daƙiƙoƙi a ƙirge. Mawaƙin da ya saba jan taro yadda ya ga dama yakan cinye lokacin baƙonsa. Kuma da Finlanci ake shirin, dole ya zauna a baki sosai.

Binta_Waƙa: A yi rajista da wuri da ƙungiyoyin kare haƙƙin mawaƙa na Finlan: Teosto don haƙƙin rubuta waƙa, Gramex don haƙƙin rerawa a faifai. Wanda ya rubuta kuma ya rera, duka biyun yake buƙata.