Neman shawara: malamina ya ce aikin mastata canki-canka ne

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina cikin damuwa, barci ma ya gagare ni. Ina shekarar ƙarshe ta masta a fannin kwamfuta nan Damagaram. Tun farko ba wannan batun na so ba, harkar tsaron intanet na nema, aka ce wani ya riga ni. Lokacin kuma mahaifinmu ba lafiya, kullum ina tsakanin gida da likita, ga shagon yayana a kasuwar Dole da nake tsarewa da marece, shi ya sa da aka miƙo mini batu na karɓa ban yi musu ba. Batun shi ne a koya wa na'ura ta hango nau'in bayanin da fonksiyon (wato guntun shirin kwamfuta mai yin aiki ɗaya) ta yaren Python ke karɓa da wanda take mayarwa, lamba ce, rubutu ne ko jeri, tunda masu rubuta shiri da yawa ba sa rubuta shi duk da an ba su hanya tun 2015 a Python 3.5. Na kwaso kod daga GitHub, shafin da masu shiri ke ajiye kod ɗinsu, na horar da model, wato shirin da ke koyo daga misalai, a Colab, dandalin Google na gudanar da kod ta intanet, sakamako ya yi kyau ƙwarai. Da na kai wa malamina sai ya ce canki-canka ne, tsarin nau'i hujja yake so. Lokacin kare aiki ya matso. In watsar in sake, ko in dage?

Yaya Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, malaminka ya faɗa maka gaskiya. An gama wannan magana tun ba a haife ka ba. Roger Hindley a 1969, Robin Milner a 1978, sannan Damas da Milner a 1982, sun nuna yadda za a gano nau'in kowane abu cikin shiri ba tare da an rubuta shi ba, kuma da hujjar lissafi. A kan wannan aka gina yarukan shiri OCaml da Haskell. Model ɗinka in ya yi kuskure wa zai sani? Ajiye shi. Ɗauki ƙaramin yare, ka rubuta masa mai gano nau'i da OCaml, ka kawo hujja. Ba ka buƙatar intanet ma.

Ɗan Birni: Na gode yaya, amma wannan an riga an yi shi, mene ne sabo a ciki? Kuma ban taɓa rubuta OCaml ba.

Yaya Habu: Masta ba wurin ƙirƙira ba ne, wurin nuna ka iya ne.

Malama Hadiza: Malam Habu, hanyar Hindley da Milner ba ta zama daidai a kan Python. Abu ɗaya yana iya zama lamba a nan, ya koma rubutu a can, ga gadon aji, inda wani nau'i ke gadar halayen wani. Dalilin ke nan da Siek da Taha suka kawo tsarin sa nau'i sannu-sannu a 2006. Kai kuma ɗalibi, ba dole ka zaɓi ɗaya ba. Duba TypeWriter na 2020, wanda Michael Pradel ya yi da mutanen Facebook: model ya kawo hasashe, mai tantance nau'i ya gwada, abin da ya jawo kuskure a jefar a gwada na gaba. Kana iya yin haka da mypy, mai tantance nau'i na Python. Amma ina da tambaya: ka cire kod ɗin da ya maimaitu kafin ka raba na horarwa da na gwaji? A GitHub mutane na kwafar juna sosai, Allamanis ya nuna a 2019 yadda hakan ke kumbura sakamako. Kamar a ba ɗalibi jarrabawar da ya riga ya ga amsarta ne.

Ɗan Zango: Ku kuna maganar hujja, ni nawa malamin yana Yamai, saƙo ma sai ya ga dama yake amsawa. Ga ɗaukewar wuta cikin wannan zafin, ka bar horarwa tana tafiya, ka dawo ka tarar komai ya yanke. Kuɗin intanet kaɗai sun cinye ni. Wallahi ɗalibi a nan yana ganin ta kansa.

Ɗan Birni: Malama, rabon da na yi daidai yake, yadda kowa ke yi na yi. Kuma na duba wasu amsoshin da idona, daidai suke.

Malama Hadiza: Waɗanne ka duba? In str da int ne kawai, wato rubutu da lamba, su suka fi yawa, kowane model na samunsu. Nau'in da mai shiri ya ƙirƙira da kansa nan ne wuyar take. Akwai tarin kod na Python mai suna ManyTypes4Py na 2021, an riga an tace maimaici, gwada a kansa.

Yaya Habu: Ko mypy ya amince, ba hujja ba ce. Sa Any, nau'in da ke karɓar komai, ko'ina, zai wuce. Ƙanena, wanda zai sa maka hannu shi ne malaminka, bi abin da ya ce.

Ɗan Birni: Ai bai ce in yi OCaml ba yaya, cewa ya yi in sake tunani. Kuma sake horarwa kuɗi ne, ba ni da su yanzu. Ba wanda ya taɓa kare irin wannan aikin haka nan yadda yake?

Ɗan Zango: Ni ma ina jiran amsar wannan.