Jariri mai hawan jinin huhu: sildenafil ya saukar masa da matsin jinin jiki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa likitocin jarirai.

Ina da jariri cikakken wata tara da ya shaƙi baƙin kashinsa na farko lokacin haihuwa. Oksijin na jininsa a hannun dama kashi 91 cikin ɗari, a ƙafa kuwa 78, kuma da an taɓa shi sai ya ƙara faɗuwa. Hoton zuciya ya nuna ginin zuciyar lafiya lau, amma jini na tsallake huhu daga dama zuwa hagu ta jijiyar nan da ya kamata ta toshe bayan haihuwa.

Yana kan injin numfashi. Mun ba shi sufaktan (maganin da ke hana ƙananan jakunkunan iska na huhu mannewa) da maganin da zai sa ya natsu, mun gyara sukari, kalsiyam da tsamin jini. Ba mu da iskar naitirik oksaid mai buɗe jijiyoyin jinin huhu, shi ya sa muka fara sildenafil, wanda shi ma yake buɗe su, ta bututun hanci. Oksijin ya ɗan taso, sai matsin jinin jikinsa ya yi ƙasa, fitsari ma ya ragu. Abin da ya tsayar da ni ke nan, don milrinon, maganin ƙarfafa bugun zuciya da buɗe jijiyoyin jini da zan iya ƙara masa, zai iya ƙara saukar da matsin jinin.

In fara noradrenalin (maganin ɗaga matsin jini) in ci gaba da sildenafil ɗin, ko in dakatar da shi har matsin jinin ya daidaita?