Masara ta yi rawaya bayan ruwa mai yawa: wa ya taɓa gani, kuma me ya yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoma. Masarata tana da mako biyar. Na watsa mata yuriya a kan kunya ban rufe ba, domin hadari ya haɗu ina zaton ruwa zai shigar da ita ƙasa. Hadarin ya baje, ruwa bai sauka ba sai bayan kwana biyar. Da ya zo kuma sai ya kwana uku yana zuba, har ya kwanta a ɓangaren gonar da ke kwari. Yanzu ganye ya koma ruwan ɗorawa, har a tudun da ruwa bai kwanta ba. Saura buhu biyu na ajiye don zubi na ƙarshe. In zuba yanzu ko in jira? Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya taimaka ya faɗi abin da ya gani a gonarsa.

Dattijo mai gonar yashi:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, kafin ka kwance bakin buhu, koma gonar ka durƙusa ka duba wane ganye ne ya canja, na ƙasa ko na sama. Ni ƙasata yashi ce, duk shekarar da ruwa ya yi yawa sai na ga haka. Tsofaffin ganye na ƙasa ke fara yin rawaya, daga tsini ta bi jijiyar tsakiya ta shigo ciki kamar bakin mashi, gefe da gefe kuma da sauran kore. In haka ka gani, yunwa ce, ruwa ya wanke takin ya wuce inda saiwa ke kaiwa. Abin da nake yi shi ne in jira ƙasa ta tsane yadda ba za ta kama ƙafa ba, in tona rami da tsinin sanda kamar faɗin tafi daga gindin shuka, in zuba kaɗan in rufe da ƙafa. Cikin mako guda sabon ganye ke fitowa kore shar. Wanda ya riga ya bushe kuwa ya tafi, kada ka tsaya kallonsa.

Mai noman dawa a ƙasar laka:
Baba ya yi gaskiya a kan yashi, amma ni abin da ya same ni daban ne, kuma har yau yana min ciwo. Dawata ta yi rawaya bayan ruwa ya kwanta, hankalina ya tashi, na ɗauki duk takin da ya rage na watsa a cikin taɓo. Ko gezau. Bayan kwana goma ƙanena ya tumɓuke guda ɗaya ya kawo min. Saiwar da ya kamata ta zama fara ta yi baƙi-baƙi, ta yi laushi, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen kududdufi. Nan na gane shukar ba ta iya cin komai a lokacin, ko da abincin na gabanta. Muka yanka magudana biyu muka sallami ruwan. Wajen da ya fara tsanewa ya farfaɗo da kansa ba tare da an ƙara masa ko ƙwaya ba, inda ruwan ya fi daɗewa kuwa ya tsumbure har girbi. Malam mai tambaya, ka tumɓuke biyu ko uku daga kwarin nan ka wanke saiwar ka duba.

Malamin gona:
Hajiya, abin da kika gani shi ne abin da bincike ya nuna. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya cike ƙofofin ƙasa iska ta ƙare, sai ta daina jan abinci. Ƙaramar masara ta fi shiga haɗari, domin kafin ta kai ganye shida cibiyar girmanta tana ƙarƙashin ƙasa, kuma in ruwa ya shanye ta ba ta cika wuce kwana biyu zuwa huɗu da rai ba, musamman in ana zafi.

Malam mai tambaya, ina jin asara biyu ka yi a jere. Ta farko ta faru ne a kwana biyar ɗin da yuriya ta yi a fili. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Da ta sami ɗan danshi, wani sinadari da ke cikin ƙasa da ragowar ciyayi yana narka ta, wani ɓangare ya zama iskar amoniya ya tashi sama. Zafi da iska da ƙasa mai ɗan laima da ke bushewa su ke ƙara wannan asarar. Ruwan da ya kai milimita 12 ko fiye a kwana ɗaya ko biyu na farko zai iya shigar da ita, amma yayyafi ko raɓa narka ta kawai suke yi su bar ta a sama. Asara ta biyu ta zo da ruwan kwana ukun. Naitirojin da ƙwayoyin halittar ƙasa suka riga suka juya zuwa naitiret ba ya manne wa ƙasa: a yashi ya bi ruwa ya nitse, a laka mai cike da ruwa kuma wasu ƙwayoyin su mai da shi iska. A 1999 masana biyu na jami'ar jihar Oklahoma a Amurka, William Raun da Gordon Johnson, sun lissafa cewa a duniya baki ɗaya kusan kashi 33 cikin 100 na naitirojin da ake zuba wa hatsi ne kaɗai ke dawowa a cikin amfanin da aka girbe. Ni kaina a gonata na daina zubi ɗaya, sau uku nake rabawa kuma kowanne sai na rufe.

Manomin masara da alkama:
Ni zan kawo wata fuska, domin na yi shekara biyu ina maganin cutar da ba ita ba ce. Tawa sababbin ganye na sama ne ke fitowa fari-fari da siraran layuka, na ƙasa kuwa kore. Na ƙara yuriya, na ƙasan suka ƙara duhu, na saman suna nan yadda suke. Da aka gwada ƙasar aka ce farar wuta ce ta yi ƙaranci. Dalili kuwa na daɗe da barin takin sufa, wanda ke ɗauke da farar wuta wajen kashi 11 zuwa 12 cikin 100, na koma takin da ba ya da ita sam. An bayyana min cewa naitirojin yana iya barin tsohon ganye ya koma sabo, shi ya sa yunwarsa ke fara bayyana a ƙasa, farar wuta kuwa ba ta cika motsawa haka ba, sai sabon ganye ya rasa. Na gwada amoniyam salfet a kunya shida, wanda ke da naitirojin kashi 21 da farar wuta kashi 24. Daga bakin hanya ma ana gane kunyoyin nan.

Mai gonar haya:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da dogon jira ba. Bara na tsaya duba ganye da neman shawara, kafin in yanke hukunci masara ta fitar da kai. Daga tsayin gwiwa zuwa fitar kai ne take jan mafi yawan abincinta, a lokacin ne kuma ake ƙayyade yawan ƙwayar da goyo zai ɗauka. Na zuba a makare, kara ya yi kore, goyo ya fito guntu. Yaya mai tambaya, mako biyar kana da sauran dama amma ba ta da yawa. Duba saiwa yau, in fara ce, gobe ka zuba.

Ɗalibin aikin gona:
Iyayena, ku ba ni dama in faɗi abin da muka yi a gonar mahaifina, domin mu ma gardama muka yi irin wannan. Shi ya ce a zuba, ni na ce a jira. Sai muka ware kunya huɗu muka zuba, huɗu na kusa da su muka bari, muka kafa turaku don kada a rikice. A Oklahoma ma manoman alkama suna da irin wannan dabara: su ware zirin gona guda su ba shi naitirojin isasshe tun farko, in sauran gonar ta yi kama da zirin sun san ba ta buƙatar ƙari, in zirin ya fi ta kore sun san akwai yunwa. A wajenmu kunyoyin da aka zuba wa sun fi, mahaifina ya ci gardama.

Dattijo mai gonar yashi:
Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma wuri ɗaya kuka gwada? Na taɓa yin irin wannan da sabon iri. Ya yi kyau ƙwarai har na yi ta yabonsa, ashe kunyoyin sun faɗa daidai inda shanu suka kwana da rani ne. Da na shuka shi a gonar duka shekara mai zuwa bai fi tsohon irina da komai ba. Gona ɗaya ƙasarta ba ɗaya ba ce, ga tsohuwar suri, ga gindin bishiya, ga inda ruwa ke bi.

Ɗalibin aikin gona:
Baba, wuri ɗaya ne, kuma kuskure ne. Abin da ka faɗa shi ne matsalar da ta dami masu bincike kansu. A tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ana noma alkama a fili ɗaya tun 1843, wani yanki da taki wani babu, kuma yankin da ba a taɓa ba shi taki ba yana ba da wajen tan ɗaya a hekta. Da lissafin shekaru ya taru, aka ɗauki masanin lissafi Ronald Fisher aiki a 1919, shi ne ya kafa ƙa'idar a maimaita gwaji a wurare da yawa, kuma a zaɓi wuraren da ƙuri'a don kada son rai ko kyawun ƙasa su shiga. Bana wuri huɗu muka yi, kuma za mu auna a sikeli maimakon mu yanke da ido.

Mai noman gero:
Tawa gajeriya ce. Na binne ɓuntu da busasshen kara da yawa dab da shuka, shukar ta yi rawaya mako uku ko da ba a yi ruwan kirki ba. Ƙwayoyin da ke ruɓar da karan ne suka riƙe naitirojin ɗin na ɗan lokaci. Yanzu tun da wuri nake binnewa, ko in bari ya ruɓe a rami tukuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga abin da ya faru cikin kwana tara. A tudu ganyen ƙasa ne suka yi rawaya da bakin mashin da Baba ya kwatanta, saiwa fara tas, don haka washegari na zuba buhu ɗaya a rami na rufe. Na bar kunya uku-uku a wuri uku ban zuba ba, na ɗaura musu ƙyalle. Yau bambancin a fili yake a wuri biyu, na ukun kuwa kusan ɗaya suke da maƙwabtansu, kuma na tuna a nan na tara takin gida da rani. A kwari saiwar ta yi duhu kamar yadda Hajiya ta ce. Na yanka magudana, ban zuba komai ba tukuna. Wajen rabi sun fara fitar da sabuwar saiwa fara daga gaɓar ƙasa, sauran sun tsaya cik a tsayin da ruwa ya same su. Malam, waɗanda suka fito da sabuwar saiwar, in ba su rabin buhun yanzu ko in ƙara musu kwana uku ƙasar ta daɗa tsanewa?