Jirgina ya zame baya a kan tirela: in ɗaga shi da kaina ko in yi hayar motar ɗaga kaya?

Mai Gyara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran wani tsohon jirgin ruwa mai inji, na faiba, mai tsawon mita 5 da rabi. Na sauke injin, na kuma cire daben ciki saboda katakan da ke ƙarƙashinsa sun ruɓe. Da na duba, sai na ga bangon baya inda ake ɗaura injin ya zarce ƙarshen katakan tirela, waɗanda jirgin ke zama a kansu, da kusan taƙi guda, ba abin da ke tallafe da shi. Ba zai shiga ruwa a wannan hali ba. Ina da jak 2 da isasshen katako. Shin in matsar da shi gaba da kaina, ko in yi hayar motar ɗaga kaya?

Tsohon Direba: Wa'alaikumus salam. Ka kai shi bakin ruwa, ka sake shi ya yi iyo, sannan ka jawo shi daidai. Haka nake yi kullum.

Kafinta: Alhaji, ai ya ce jirgin ba zai shiga ruwa ba. Malam, ka sa wa tayoyi weji, ka sauke hancin tirelar ƙasa domin bayan jirgin ya tashi, ka jera guntayen katako gicciye a ƙarƙashin kusurwoyi biyu na baya, sannan ka ɗaga hancin, za ka ga bayan ya rabu da tirelar ya zauna a kan katakon. Daga nan ka sa jak a ƙarƙashin ƙashin tsakiyar jirgin ta gaba, da faffaɗan katako a tsakaninsu don kada bakin jak ya huda faiba. Idan jirgin ya tashi, tirelar za ka tura baya kaɗan kaɗan, shi yana tsaye a wurinsa.

Mai Walda: Ku bari in faɗi abin da ya same ni. Na bi wannan hanyar sak, sai dai da katako ya gaza mini na cike da bulon siminti. Yana ɗauke da jirgin lafiya har na fara jan tirelar, sai na ji ƙara, bulo ɗaya ya dare gida biyu ba tare da wata alama ba. Jirgin ya karkata ya faɗa a kan ƙarfen da ke rufe taya, gefensa ya tsage, hannuna kuwa da ƙyar na zare shi. Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Ni ma na cire katakan ciki, ban san cewa gangar jirgi tana yin laushi idan babu su ba, na liƙa sababbi alhali jirgin yana zaune a karkace, suka bushe a haka. Har yau idan ya ɗauki gudu sai ya riƙa ja hagu. A ƙarshe motar ɗaga kayan da na guje wa ita na kira, kuma kuɗinta bai kai na faiba da gam ɗin da na saya don ɗinke tsagar ba.

Tsohon Direba: Ka yi sa'ar mai mota. Wanda na taɓa kira ya lissafa mini zuwa, da jira, da komawa, har kuɗin ya fi abin da na kashe a kan tirelar.

Ɗan Koyo: Ni a ganina a tara ƙarti 10 a ciccibe shi kawai, wanda ya fara saki shi zai biya.

Kafinta: Allah ya kiyaye gaba, Malam Mai Walda, amma laifin bulo ne, katako yana kuka kafin ya karye. Abin da ba a taɓo ba shi ne nauyin da zai sauka a kan hancin tirela bayan an matsar. Ana so ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin jirgi da tirela gaba ɗaya, in ya gaza sai tirelar ta riƙa wutsil-wutsil a kan titi.

Tsohon Direba: Kashi 10 zuwa 15 muka sani, kuma na yi shekaru ina jan kaya kafin wasu su san guduma.

Kafinta: Ranka ya daɗe, wannan lissafin tirelar kaya ne. Jirgi nauyinsa a baya yake saboda inji. Kuma duk awon da aka yi yanzu ba zai tsaya ba, tunda injin yana ƙasa, tanki ba mai, alhali kowace lita ta fetur tana kusan kashi 3 cikin 4 na kilo. A daidaita bangon baya da ƙarshen katakan tukuna. Idan an mayar da komai, a auna da sikeli, in bai yi ba a matsar da ƙarfen tayoyi.

Mai Walda: Wanda bai taɓa ganin jirgi ya faɗi a gabansa ba, shawararsa ta takarda ce.

Kafinta: Wanda ya sauke guda 4 ba wanda ya faɗi fa?

Mai Gyara: Na gode ƙwarai. Amma na auna ɗazu, ko na kai gaban jirgin har jikin sandar da igiya ke naɗewa, bayan zai zarce da ɗan yatsa 3. Ina jin tirelar ta yi masa gajarta.

Mai Walda: To, ka zo inda ciwon yake. Masu sayar da tsofaffin jirage sukan ɗora jirgi a kan duk tirelar da ta faɗo hannunsu, su ce tasa ce. Tawa ma da na karanta farantin da ke jikinta, nauyin da aka rubuta za ta iya ɗauka bai kai na jirgin ba, tun kafin a lissafa soson ƙarƙashin dabe da ya sha ruwa.

Tsohon Direba: Kai har ka samu faranti. Tawa an shafe shi da fenti, kuma da na koma wurin mutumin sai ya rantse bai taɓa ganina ba.